Yadda ake buɗe wa uwar garken talhon intanet ƙofa fiye da ɗaya

Wannan bayani ya shafi wata na'ura da ƙungiyoyi da ma'aikatu suke ajiyewa a kusurwar biro, ba mai tunawa da ita sai ran da talho ya ƙi bugawa. Na'urar ita ce uwar garken talhon intanet. Za mu duba abin da ake nufi in an ce tana sauraro a wata ƙofa, da abin da yake sa a buɗe mata ƙofa ta biyu, da yadda ake yin aikin. Ba lalle ne ku zama masu gyaran na'ura ba bayan kun gama karantawa. Amma in kuna cikin kwamitin ƙungiya, ko ku ne ma'aji ko magatakarda, ku ne za ku biya mai gyara, ku ne kuma za ku biya kuɗin kira in aka yi sakaci. Saboda haka ya kamata ku san abin da za ku tambaye shi. Ku karanta sannu a hankali. Inda kuka ga kalmomin Ingilishi da lambobi, kada su ba ku tsoro, za mu fassara su ɗaya bayan ɗaya.

Mi ne ne uwar garken talho?

In kun taɓa kiran ɗan uwa ta WhatsApp, kun riga kun yi amfani da talhon intanet. Salularku ce take yayyanka murya ƙanana ƙanana, ta mai da ita lambobi, ta ɗaure su ƙunshi ƙunshi, ta aika ta intanet. A can wajen ɗan uwan naku sai a kwance ƙunshin a jera, murya ta fito. Amma na'urorin da suke haɗa ku da shi na kamfanin ne, ba ku da ta cewa a kansu. Waɗanda suka dogara da Skype, wadda ta fito a 2003, sun ga haka a watan Mayu na 2025 da mai ita ya rufe ta.

Ƙungiya tana iya ajiye tata na'urar haɗa kira. Kwamfuta ce guda ɗaya, wadda da yawa daga cikinmu suke kira ordinatar, a zuba mata manhaja ta musamman, a bar ta kunne dare da rana. Aikinta irin na ma'aikacin gidan waya ne na zamanin dā, wanda ake buga masa a ce ya haɗa wane da wane. A ce babban biron ƙungiyarku yana Maraɗi, kuna da reshe a Tasawa da wani a Damagaram. Kowane ma'aikaci sai a ba shi gajerar lamba, kamar 101 ko 205, ya kira abokin aikinsa ta intanet ba tare da an cire masa kuɗin kira ba. Wannan kwamfuta mai haɗa su ita ce uwar garke.

Manhajar da za mu yi misali da ita sunanta Asterisk. Wani ɗan Amurka mai suna Mark Spencer ne ya fara rubuta ta a 1999, kuma kyauta ake samun ta. Akwai wata mai suna FreeSWITCH da take yin irin wannan aiki. Dukansu suna magana da talhuna da wata ƙa'ida da ake kira SIP, wadda aka fara wallafawa a 1999, aka sake tsara ta a 2002 cikin takardar da masana suke kira RFC 3261.

Adireshi da ƙofa

Kowace na'ura da take kan intanet tana da adireshi, wato jerin lambobi kamar 192.168.1.10. Adireshi yana kai ƙunshi har bakin gidan da ake nufi. Sai dai kwamfuta ɗaya tana yin ayyuka da yawa a lokaci guda: tana nuna shafi, tana karɓar wasiƙa, tana haɗa kira. In ƙunshi ya iso, wa za a miƙa wa? Abin da ya sa aka yi ƙofofi ke nan.

Ku ɗauki kwamfuta kamar wani ƙaton gida mai ƙofofi 65536, kowace da lambarta, daga 0 har 65535. Ba ƙofar katako ba ce, ba kuma ramin da ake soka waya a bayan na'ura ba ne. Lamba ce kawai da ake rubutawa a bayan kowane ƙunshi, kusa da adireshi. Masu gyara suna ce mata "por", da kalmar Faransanci mai nufin tashar jirgin ruwa. Galibin ƙofofin nan ba kowa a bayansu. Wanda ya yi sallama a can ba zai ji an amsa ba. Amma in wata manhaja ta zauna a bayan wata ƙofa tana jiran mai sallama, sai a ce tana sauraro a wannan ƙofa.

Don kada a yi ta yawo ana neman inda za a yi sallama, wata hukuma mai suna IANA tana riƙe da kundin lambobin da aka yarda da su a duniya. Shafukan intanet suna amsawa a ƙofa ta 80 da ta 443. Wasiƙu tsakanin uwayen garke suna shiga ta 25. Talhon SIP kuwa an ba shi 5060, sa'an nan 5061 in an kulle saƙon don kada wani ya karanta a hanya. Ƙofofin da suke ƙasa da 1024 a kan Linux, wato tsarin da galibin uwayen garken nan suke tafiya a kansa, sai manhajar da aka ba izinin mai gida take iya zama a cikinsu.

Akwai kuma hanyoyi biyu na kai ƙunshi. Ɗaya ana ce mata UDP: a jefa ƙunshi a wuce, ba a jiran a ji ko ya isa. Ɗayar ita ce TCP: a fara ƙulla zumunci, kowane ƙunshi a tabbatar ya isa. Kowace hanya da nata jerin ƙofofin. Ƙofa ta 5060 ta UDP daban take da ta 5060 ta TCP, ko da yake lambarsu ɗaya. Ku riƙe wannan, don sau da yawa a nan ake tuntuɓe.

Murya ba ta bin ƙofar sallama

Ga wani abu da ya kamata ku fahimta kafin mu ci gaba. SIP ba ya ɗaukar murya. Aikinsa sallama ne da gaisuwa da sallamar tafiya: ni ne lamba kaza, ina nan, wane yana kiranka, ya ɗauka, ya ajiye. Kamar zaure ne inda ake tsayawa a daidaita magana. In an daidaita, kayan da kansu, wato murya, wata ƙa'ida ce mai suna RTP take ɗaukar su, ta kuma bi da su ta wasu ƙofofi daban na UDP. Galibi ƙunshi 50 ne suke fita kowane sakan ɗaya, a kowane ɓangare.

A takardar tsarin da take zuwa da Asterisk mai suna rtp.conf, an keɓe wa murya ƙofofi daga 10000 zuwa 20000. Kira ɗaya da ya ratsa ta uwar garke yana cin ƙofa huɗu, biyu ta wajen mai kira, biyu ta wajen wanda aka kira. Ku yi lissafi: kira 10 a lokaci guda ƙofa 40 ke nan. Ƙaramar ƙungiya ba ta bukatar ƙofa dubu goma. In an rage zuwa 200, daga 10000 zuwa 10200, sun wadatar.

Na taɓa zama a wata cibiyar karatun manya inda talho yake bugawa lafiya lau, a ɗauka, mu muna jin mutanen reshe, su ba su jin mu. Kwana uku muna zargin na'urar magana, har muka canza ta. Ashe ƙofar sallama ce kaɗai aka buɗe a akwatin intanet, ƙofofin murya suna rufe. Duk ranar da kuka ga talho yana bugawa amma magana tana tafiya ɓangare guda, ko ba ta tafiya sam, ku san ƙara ƙofar sallama ba zai yi magani ba. Ƙofofin murya za a duba.

Don mi ake buɗe ƙofa ta biyu?

Dalilin da aka fi gamuwa da shi yana cikin akwatin intanet na reshe, wato modem ɗin da kamfani yake sa muku. Da yawa daga cikin akwatunan nan suna ɗauke da wani ɗan tsari mai suna SIP ALG. An yi shi ne da niyyar taimako: yana leƙa duk saƙon da zai tafi ƙofa ta 5060, yana gyara adireshin da yake ciki. Sai dai sau da yawa gyaran nasa ɓarna ne, kamar ɗan aike da ya ga dama ya sake rubuta wasiƙar da aka ba shi. Alamominsa sanannu ne. Talho ya yi rajista yau gobe ya ɓace. Ku kuna iya kira amma ba a iya kiran ku. Ko kuma kira ya yanke da kansa bayan kamar sakan 30, domin saƙon tabbatarwa bai isa ba. Magani na fari shi ne a shiga akwatin a kashe wannan tsari. Amma wasu akwatunan kamfani ya kulle su, ba a iya taɓawa. To da yake galibinsu ƙofa ta 5060 kaɗai suke gadi, in talhon reshe ya yi sallama a wata lamba daban, sai saƙon ya wuce ba a taɓa shi ba. Ba za ku so ku canza wa dukan talhunan babban biro lamba saboda reshe ɗaya ba. Sai a bar tsohuwar ƙofa yadda take, a ƙara sabuwa.

Wani lokaci kuma kamfanin da yake ba da intanet ne da kansa, ko mai otal, ko wata ma'aikata, yake toshe 5060. A nan ina jan hankalinku. In toshewar ta fito daga sharuɗɗan da kuka sa wa hannu, ko daga dokar ƙasa, zagayawa ta wata ƙofa ba wayo ba ne, jawo wa ƙungiya magana ne. Ku fara tambayar kamfanin. A Nijar hukumar ARCEP ce take kula da harkokin sadarwa, kuma kiran juna tsakanin ma'aikatanku daban yake da shigo da kiran waje kuna zubawa a layukan salula don a biya ku. Na biyun sana'ar sadarwa ce, ba a yin ta sai da izini.

Akwai dalilin rarrabe baƙi da mutanen gida. In ƙungiya ta ɗauki layi daga kamfanin talho don ta riƙa kiran salula, ana iya keɓe wa kamfanin ƙofarsa shi kaɗai, a ba ma'aikata tasu. FreeSWITCH da haka take zuwa tun farko: 5060 ta mutanen gida, 5080 ta waje. Akwai kuma masu son ƙofar TCP, ko kulallar ƙofa ta 5061, don masu tafiye-tafiye da suke kira da salula. A ƙarshe, manhaja biyu ba su zama a bayan ƙofa ɗaya ta hanya ɗaya. In ɗaya ta riga ta kama 5060, ta biyun sai ta nemi wata. Shi ya sa a tsarin FreePBX, lokacin da ake tafiyar da tsohon ɓangaren SIP na Asterisk tare da sabo, aka saba ba sabon 5060, tsohon kuma 5160.

Yadda ake yi a Asterisk

Tsohon ɓangaren da ake kira chan_sip ƙofar UDP ɗaya tak yake iya saurara. Masu gyara na wancan lokaci dabara suke yi: su umarci katangar tsaro ta Linux, wato iptables, ta karkata duk abin da ya zo sabuwar ƙofa zuwa 5060. Dabarar tana aiki, amma da tangarɗa, domin ita Asterisk ba ta san da sabuwar ƙofar ba. Takan rubuta wa talho cewa ya dawo ta 5060, wato ƙofar da ake gudu. Sabon ɓangare mai suna chan_pjsip ya zo da Asterisk 12 a ƙarshen 2013, kuma shi yana sauraro a ƙofofi da yawa. A Asterisk 21 da ta fito a 2023 an cire tsohon gaba ɗaya. In mai gyara ya kawo muku bayanin da yake maganar sip.conf da bindport, ku sani tsohon darasi ne ya ɗauko.

Aikin ana yin sa ne a cikin takardar tsari mai suna pjsip.conf, wadda take zaune a /etc/asterisk. Kafin a taɓa ta a kwafe ta a ajiye, don in an ɓata a komo da ta dā. Ga abin da ake rubutawa:

[kofar-gida]
type=transport
protocol=udp
bind=0.0.0.0:5060

[kofar-rassa]
type=transport
protocol=udp
bind=0.0.0.0:25060

Mu karanta tare. Layin farko suna ne, ku ne kuke zaɓen sa, kuna iya sa na Hausa. Sai dai a rubuta da baƙaƙe marasa ƙugiya, shi ya sa kuka ga "kofar" ba "ƙofar" ba. Layi na biyu yana cewa wannan sashe bayanin ƙofa ne. Na uku yana faɗin hanya, a nan UDP. Na huɗu shi ne zuciyar maganar: kalmar bind tana nufin ɗaurewa, abin da ya biyo ta kuma adireshi ne, sa'an nan ɗigo biyu, sa'an nan lambar ƙofa. Sifiri huɗun nan suna nufin kowane adireshi da kwamfutar take da shi. In tana da adireshi biyu, ɗaya na cikin biro ɗaya na waje, ana iya rubuta wanda ake so a maimakon sifirin, ƙofar ta buɗe ta wannan ɓangare kaɗai. Mai son ƙofar TCP sai ya ƙara sashe na uku ya rubuta protocol=tcp. Kulallar ƙofa tana bukatar protocol=tls da takardar shaida da mabuɗinta; ku sani kuma sallama kaɗai take kullewa, murya sai an kunna mata nata makulli mai suna SRTP.

Wace lamba za a zaɓa? Ta wuce 1023, kada wata manhaja ta riga ta zauna a cikinta, kuma kada ta faɗa cikin ƙofofin murya. Wanda ya zaɓi 15060 alhali murya tana tsakanin 10000 da 20000 ya shuka rikici da hannunsa. Shi ya sa muka ɗauki 25060 a misalinmu.

Yanzu ga wurin da ya fi kowane muhimmanci, wanda kuma aka fi mantawa. Akwatin intanet na reshe kamar mai gadi ne mai tsananin taka-tsantsan. In talhon Tasawa ya yi sallama a ƙofa ta 25060, mai gadin yakan rubuta cewa yana jiran amsa daga wannan adireshi da wannan ƙofa. Amsar da ta fito daga wata ƙofa daban, yawancin akwatuna jefar da ita suke yi, don ba su san ta ba. Idan talho ne ya fara magana ba matsala, Asterisk tana amsawa ta inda aka yi mata sallama. Amma in ita ce za ta fara, wato wani yana kiran Tasawa, tana iya fita ta ƙofar farko da ta samu, wato 5060. Sai ku ga mutanen Tasawa suna kiran kowa, amma ba mai samun su. Maganin layi ɗaya ne. A sashen da aka bayyana talhon, a ɗaure shi da ƙofarsa:

[205]
type=endpoint
transport=kofar-rassa
rewrite_contact=yes
force_rport=yes
rtp_symmetric=yes
direct_media=no

Wannan ba cikakken sashe ba ne, mun nuna layukan da suka shafi maganarmu kaɗai. Layin transport shi ne ɗaurin. Uku da suke biye da shi suna ce wa Asterisk kada ta yarda da adireshin da talho ya rubuta a cikin saƙonsa, domin na cikin biron reshe ne, ba a samun sa daga waje. Ta mai da amsa da murya inda ta ga sun fito a zahiri. Na ƙarshe yana sa murya ta riƙa ratsawa ta uwar garke, maimakon talhuna biyu su nemi juna kai tsaye su rasa.

Bayan an gama rubutu, sake karanta takarda kaɗai ba ya isa a bisa al'ada, sai an kashe Asterisk an tashe ta kafin sabuwar ƙofa ta fara aiki. Tashin zai yanke duk kiran da ake cikin yi. Akwai umarni mai ladabi, core restart when convenient, wanda yake jira sai ba kowa a kan layi. A cikin talhon reshe kuma, ko na tebur ne ko manhajar salula irin su Linphone da Zoiper, a wurin adireshin uwar garke sai a ƙara ɗigo biyu da 25060, ko a sa lambar a gurbin da aka tanada mata.

Katanga da adireshin waje

Uwar garke tana iya kasa kunne a sabuwar ƙofa amma sallama ba ta iso ta ba, domin akwai shinge biyu a gabanta. Na fari katangar tsaro ta kwamfutar kanta. A buɗe mata 25060 ta UDP, ba ta TCP ba. Na biyu akwatin intanet na babban biro. A umarce shi duk abin da ya zo 25060 ya miƙa wa adireshin uwar garke na cikin gida, haka kuma ƙofofin murya. Sa'an nan a sanar da Asterisk adireshinta na waje, ta layukan external_signaling_address da external_media_address, a kuma nuna mata adireshin cikin gida ta local_net. Kowace ƙofa da nata waɗannan layuka. Wanda ya sa su a ta farko ya manta da ta biyu zai komo kan magana mai tafiya ɓangare guda.

Duk wannan sai in babban biro yana da adireshin waje nasa na kansa, wanda ba ya canzawa. Kamfanonin salula galibi suna haɗa mutane da yawa a kan adireshi ɗaya. In intanet ɗinku na ɗan akwati ne mai katin salula, mai yiwuwa ba wata ƙofa da za ku buɗe a same ku daga waje, ko guda nawa kuka rubuta. Ku tambayi wannan tun kafin ku sayi ko da waya ɗaya. Mafita ita ce a nemi tsayayyen adireshi wajen kamfani, ko a yi hayar uwar garke a wata cibiya, ko a haɗa rassan da babban biro ta ɓoyayyar hanya da ake kira VPN. A ganina ta ƙarshen ta fi, in da hali, domin da ita ba a bukatar buɗe wa duniya ƙofar talho ko ɗaya.

Gwaji

Kada ku sallami mai gyara sai an gwada a gabanku. Umarnin pjsip show transports yana jera ƙofofin da Asterisk ta sani. Ku nemi ku ga 5060 da 25060 da idonku. Umarnin ss -lun na Linux yana nuna ƙofofin UDP da ake saurara da gaske. In sabuwar ba ta fito ba, ko an yi kuskuren baƙi ɗaya, ko wata manhaja ta riga ta kama lambar. Daga nan a gwada daga reshen kansa, ba daga ɗakin da uwar garke take ba. Reshe ya kira biro, biro ya kira reshe, kowane kira ya wuce minti biyu, kowa ya ji kowa. A bar talhon ya huta kamar rabin awa, a sake kiran sa. Wasu akwatunan sukan manta da talhon da ya daɗe shiru, sai an sa Asterisk ta riƙa taɓa shi lokaci lokaci da layin qualify_frequency. A ƙarshe a kashe wuta a kunna, a ga ko komai ya tashi da kansa, tun da ɗaukewar kuran ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Gadin ƙofa

Akwai mutane a duniya da suka sa na'urori suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna sallama a 5060, dare da rana. In aka amsa musu, sai su shiga gwada lambobi da kalmomin sirri: 100, 101, 1234. Ran da suka dace, sukan yi amfani da layinku su buga kiran ƙasashen waje masu tsada, galibi da dare ko ranar hutu lokacin da ba kowa a biro, su sami rabonsu daga kuɗin kiran. Takardar biya kuwa sunan ƙungiyarku za ta zo da shi, jikkuna barkatai.

Wasu sukan ce komawa wata lamba daban yana ɓoye uwar garke. Yana rage yawan masu ƙwanƙwasa, gaskiya ne, amma mai naci yana bin ƙofofin duka ya gano. Kuma in 5060 tana nan buɗe, ƙofa ta biyu ba ta rage kome ba, ƙari ta yi. Abin da yake tsarewa shi ne kalmar sirri mai tsawo, daban ga kowane talho, wadda ba lambar talhon ba ce, ba kuma shekarar haihuwa ba. Sai katanga: in talhunan babban biro ne kaɗai suke shiga ta 5060, a rufe ta daga waje, a bar ta ga cikin gida, ƙofar kamfanin talho kuma a bar ta ga adireshin kamfanin kaɗai. Akwai manhaja mai suna Fail2ban da take karanta rahoton uwar garke, ta toshe adireshin da ya yi ta kuskuren kalmar sirri. In an ƙara ƙofa sai a sanar da ita sabuwar lambar, in ba haka ba tsohuwar kaɗai za ta ci gaba da gadi. In ba ku da harkar kiran ƙasashen waje, a toshe shi a cikin Asterisk, ku kuma roƙi kamfani ya sa iyakar kuɗin da za a iya kashewa a wata.

Ku sa magatakarda ya buɗe shafi a littafin ƙungiya. A rubuta lambar kowace ƙofa, da hanyarta, UDP ce ko TCP, da reshen da aka buɗe ta dominsa, da ranar da aka buɗe, da sunan wanda ya yi aikin. Kalmomin sirri kada su shiga wannan shafi, a ba shugaba su a rufaffiyar ambulan. Ran da aka rufe reshe, ko aka canza masa akwati ya daina bukatar ƙofa ta biyu, a ɗauko littafin a kira mai gyara, ya share sashen daga pjsip.conf, ya rufe lambar a katanga da cikin akwatin intanet, sa'an nan a soke layin a littafi a sa kwanan wata.